Kada ka yarda a rubuta wa ƙoramarku sunan babban kogi

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don ramin da na faɗa ke nan. Ka ce mai awo ya rubuta wa rafin da ke gefen gonarku sunan babban kogin da yake zubawa a ciki, alhali ku a gari da wani suna kuka san shi, kana tambaya ko a bar shi haka tunda ruwan ɗaya ne. Kada ka bari. Ko za a ce gyaran sai ka sayar da akuya, ka sayar.

Mu lambunmu na gado yana ƙasa da inda rafin Getsi ke haɗuwa da kogin Jakara a Kano, kafin ruwan ya gangara dam ɗin Wasai. Ta kudu Jakara ce iyakarmu, ta arewa kuma wata 'yar ƙorama wadda da rani yaro ma tsallake ta yake yi, da damina kuwa sai ta kai gwiwa. Tun muna yara Ƙorama kawai muke ce mata, ba ta da wani suna. Hayinta gonar ɗan ƙanin babanmu ce. Da ya tashi yin takardar mallakar gonarsa, mai awon ya zo da rani, ya ga kwari, ya tambayi wasu yara ina wannan yake zuwa, suka ce Jakara. Shi ke nan ya rubuta cewa gonar ta yi iyaka da Jakara ta kudu. Ka ga da kalma ɗaya lambunmu gaba ɗaya ya shige cikin takardar wani.

Shi kuma ya sani. Abin da yake ci mini rai har yau ke nan. Mutumin da muka ci tuwo kwano ɗaya da shi, wanda babanmu ya biya masa sadaki, ya ga kuskuren ya yi gum, har ya sayar wa wani mai kuɗi daga cikin gari. Wata safiya na zo ban ruwa, injina a bayan mashin, na tarar da turakun siminti guda huɗu, ɗaya an kafa shi a tsakiyar fangalin latas ɗina, an tattake dashen da bai fi sati biyu ba. Na zauna a kan tiyo na rasa ta cewa. Da na je gidansa ko tabarma bai shimfiɗa mini ba, daga zaure ya ce, "Yaya, takarda ce ta faɗa, ba ni na faɗa ba." Yaya! A ranar ma yana ce mini Yaya. Tsohuwarmu kwana biyu ba ta ci abinci ba, don a lambun nan babanmu ya yi zazzaɓin da ya zama ajalinsa.

Shekara uku muna zarya. Abin da ya fitar da mu wani tsoho ne da ya yi su a wajen tun kafin a gina dam ɗin a 1976. Ya dogara sanda ya bi da dagaci da mutanensa har bakin ruwa, ya nuna musu layin gamba da kakanmu ya dasa a gaɓar Ƙorama da giginyar da ke kusurwa. Don haka ka nemi tsofaffinku yanzu tun suna da rai, ka ɗauki muryarsu a waya suna faɗin sunan rafin da inda ya taso da inda ya ƙare.

Kuma kar wani ya ruɗe ka da cewa sunan da ke taswira shi ne na gaskiya. Dubi Jakara ɗin kanta. Suna ne tsoho, masu tarihi suna ambaton kurmin Jakara tun zamanin Barbushe, kuma a gefenta kasuwar Kurmi ta kafu a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Amma a cikin gari wani zai ce maka Kwarin Gogau, tun da aka fara aikin rufe ta da titi zamanin Kwankwaso yara kuma Wuju-wuju suka sani, dam ɗin ma wani ya ce na Wasai, wani ya ce na Jakara. In babba ma haka ake yi da sunanta, ina ga 'yar ƙorama? Kai, ruwan ma ba irin na da ba ne. Abin da Getsi ke kwasowa daga masana'antun Bompai wata rana baƙi, wata rana ja, ga wari, in ka daɗe a ciki ƙafarka ta yi ta ƙaiƙayi. Da shi muke ban ruwan alayyahu da kabeji, Allah dai ya kyauta. Wannan wata magana ce daban.

Ka sa a rubuta sunan da kuke kiran rafin, sannan a ƙara da cewa shi ne wanda yake zubawa cikin kogi kaza, duka biyun su fito a takarda. Ka kai mai awon da damina ya ga ruwan yana gudu da idonsa, kuma maƙwabcinka na hayi ya sa hannu a gaban mai unguwa, ko da kuwa uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Rafi yana cin gaɓa yana sauya hanya, shi ya sa a ɗauki lambobin wurin da na'ura a kowace kusurwa, ka kafa naka turakun.

Ni dai an mayar mini da lambun, ban da wani ɗan ɓangare wajen giginyar da na haƙura da shi don a huta. Ɗan ƙanin baban namu kuwa mun haɗu a wajen wani suna watan jiya, ya miƙo hannu, na ba shi. Gonarku tana tsakanin ruwan biyu ne kamar tamu, ko tana hayi?