Amsa ga ƙanenmu na Tawa mai son karatun talabijin da haɗa fim

Ƙanenmu, saƙonka ya same mu. Ka ce ka ci bak A4 (jarrabawar gama sakandare, ɓangaren adabi) a Tawa, ranka na kan aikin rediyo da talabijin da haɗa fim, kana tambaya ko ka nufi Faransa, ko Maroko, ko Najeriya, ko ka tsaya Yamai. Ka kuma ce baba ya yarda ya sayar da shanu biyu don kuɗin hanya. Mu yayyenka da ke wannan sana'a a waje mun tattauna, ga abin da muka tsayar. Amma ka fara gaida mana baba, ka ce masa shanun su ci gaba da kiwo tukuna.

Karatu iri uku ne ke yawo da suna kusan ɗaya, kuma nan yara ke ruɗewa. Na farko nazari ne: tarihin fim, sharhi a kan finafinai, ƙa'idojin sadarwa. Shi ne galibin abin da ake yi a lisans ta fim ko ta sadarwa a manyan jami'o'i, har da na Faransa. Ilimi ne na gaske, sai dai mutum na iya cinye shekara uku hannunsa bai saba da kamara ba. Na biyu aikin jarida ne: nemo labari, tantance shi, rubuta shi, karanta shi a rediyo ko gaban kamara. Na uku sana'ar hannu ce: ɗaukar hoto, ɗaukar sauti, montaji (yanka da jera hoto da sauti), da tafiyar da kuɗi da jadawalin aiki. Da ka ce haɗa fim, na ukun nan kake nufi. Ka sani kuma ɓangaren sauti da na injiniyan kayan aiki suna son lissafi da fizik, inda ƴan bak C da D na kimiyya suka fi ka sauƙi. Kai da A4, ƙofarka ta fi faɗi a rubutu, jarida, ba da umarni da montaji.

Don haka sunan digiri kada ya ɗauke maka hankali. Ka nemi ɗalibin da ke shekara ta biyu a makarantar da kake so, ka tambaye shi: kamara nawa ke aiki yau, ban da waɗanda ke cikin hoton talla? Mutum nawa ke raba guda? Ana barin ɗalibi ya fita gari da kayan, ko sai cikin aji? Ɗakin montaji na buɗe da dare? Fim nawa ɗalibi ke gamawa kafin ya fita? Istaji, wato zaman koyon aiki a wata ma'aikata, dole ne, kuma wa ke nemo wurin? Sannan ka roƙi makarantar ta nuna maka finafinan ƙarshen karatu na bara. Wadda ta shiga kwana-kwana a kan wannan roƙo ta riga ta ba ka amsa. Idan mai zaman kanta ce, ka bincika ko CAMES, hukumar tantance takardun manyan makarantu ta ƙasashen Afirka masu Faransanci, ta amince da takardarta, domin ranar neman mastar ko aikin gwamnati ita za a fara dubawa.

Wurare kuwa, fara da gida. A Yamai akwai IFTIC, makarantar jarida da sadarwa, wadda yanzu ake kira ESSCOM, kuma ma'aikata da yawa na Télé Sahel da Voix du Sahel da gidaje masu zaman kansu ta nan suka bi. A Wagadugu akwai ISIS, makarantar hoto da sauti, a garin da ake bikin finafinai na FESPACO duk shekara biyu. A Dakar akwai CESTI, ta aikin jarida, ana shiga da konkur, wato jarrabawar gasa. A Kwatano akwai ISMA, ta sana'o'in hoto da sauti. Duk waɗannan da sefa ake biya, da Faransanci ake karatu, ba ruwanka da canjin kuɗi. A Maroko akwai ISIC ta jarida da ISMAC ta fim a Rabat, da ESAV a Marakesh mai zaman kanta, wadda kuɗinta ba na wasa ba ne. Bursin ƙasashen waje irin na Maroko ta hannun ANAB, hukumar bursi ta Nijar, ake neman su, sai ka riƙa bin sanarwarsu tun kafin sakamako ya huce. Turkiyya na buɗe neman bursinta a farkon shekara ta intanet, kuma wanda aka ɗauka sai ya yi shekara guda yana koyon Turkanci kafin ya shiga aji.

Najeriya ta fi kusa da kai, daga Tawa zuwa Konni da ke bakin iyaka ba nisa. Jami'ar Bayero ta Kano na da tsangayar sadarwa, a Jos kuma akwai makarantar fim ta ƙasa da kwalejin talabijin ta NTA. Tun 2020 hukumar jami'o'insu ta raba kwas ɗin sadarwa gida-gida, watsa labarai daban, fim daban, jarida daban, don haka ka duba wanne ka cika a takarda. Digirinsu shekara huɗu ne, da Turanci. Hausarka za ta yi maka ciniki a kasuwa da mu'amala da ƴan Kannywood, amma ba za ta rubuta maka jarrabawa ba, sai ka ware watanni na koyon Turanci a lissafinka. Faransa kuwa, ofishin jakadancinta a Yamai ya rufe a farkon 2024, batun biza ya zama doguwar hanya. Manyan makarantunsu irin su La Fémis da Louis-Lumière ma ba sa ɗaukar mai bak kawai, sai wanda ya ƙara shekara biyu, kuma ta konkur mai tsanani.

Ra'ayinmu shi ne ka yi lisans a Yamai ko wata ƙasa maƙwabciya, ka tara aiki, sannan ka nemi mastar a nesa da bursi. Dubi Sani Magori ɗan Galmi: aikin gona ya karanta kafin ya je Jami'ar Gaston Berger ta Saint-Louis a Senegal ya yi mastar kan fim na gaskiya. Aïcha Macky ta Damagaram ilimin zamantakewa ta fara yi, ta bi ta IFTIC, sannan Saint-Louis. Abin da suka karanta da farko shi ya ba su abin faɗa a fim.

Yanzu ga inda muke so ka sa ƙarfinka, don shi ke raba masu neman gurbi: aikin da za ka nuna. Wayarka ta isa. Ka yi fim na minti uku zuwa biyar a kan abu ɗaya da ka sani, misali mai jima, ko mai ɗaurin buhun albasa, ko ranar kasuwa tun daga sauke kaya. Ka rubuta shi kafin ka ɗauka. A ƙa'idar rubutun fim, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne.

Sauti ne ke kashe finafinan masu koyo, ba hoto ba. Mai kallo na haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma in bai ji magana ba zai tashi. Makirufon waya na kwasar duk abin da ke kewaye, babur da janareta da akuya. Ka sayi ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, ka sa shi kamar tafin hannu ɗaya ƙasa da haɓar mai magana, ka rufe shi da soso ko gashin tare iska, musamman da hunturu. Ka sa abin ji a kunne duk lokacin ɗauka. Ma'aunin ƙara ya riƙa kaiwa wajen -12 dB. In ya taɓa sifili muryar ta fashe, kuma babu manhajar da ke ɗinke ta. Ka ɗauka a 48 kHz. Kafin ku tashi daga wuri, kowa ya yi shiru ka ɗauki sautin wurin na daƙiƙa talatin, da shi za ka cike giɓi a montaji.

A hoto, saita wayar a hoto 25 a daƙiƙa, ba 30 ba. Kuran ɗinmu, wato wutar lantarki, 50 Hz ne, in ka ɗauka a 30 ƙarƙashin fitila sai ka ga hoton na ƙyaftawa. Ka kwantar da wayar, ka kafa ta a kan ƙafa uku ko wani abu tsayayye, kowane ɗauka ya kai daƙiƙa goma ba motsi. Kowane aiki ka ɗauke shi daga nesa, daga tsakiya, da kusa sosai: hannun, fuskar, kayan aikin. Wanda bai ɗauko na kusa ba, a teburin montaji zai gane kurensa, don ba shi da abin rufe yanka. In mutum biyu na magana, ka tsaya a gefe ɗaya na layin da ke tsakaninsu. Ka tsallaka, sai su fito kamar suna kallon waje ɗaya. Ranar Tawa da tsakar rana na zuba inuwa cikin idanu tana ƙone farar riga, ga waya na zafi ta kashe kanta. Ka yi aiki da safe ko bayan la'asar, ko ka sa mutum a inuwa fuskarsa na kallon haske.

Montaji kuma, DaVinci Resolve na da sigar kyauta da ƙwararru ma ke aiki da ita, Audacity na gyaran sauti kyauta. Kwamfutar da za ta ɗauke su ba tare da ta riƙa tsayawa ba tana son RAM 16 GB da SSD. Ka tsaya a 1080, ka bar 4K: a 100 Mbps, awa ɗaya na cin kusan 45 GB. Duk abin da ka ɗauka ka kwafe shi wuri biyu daban a daren ranar, kafin ka goge kati. Ka sa fassarar Faransanci a ƙasan hoto in maganar da Hausa ce, kuma ka nemi izinin duk wanda ka ɗauka, ya faɗa da bakinsa a gaban kamara. Kiɗan wani kada ka ɗora sai da yardarsa, YouTube na iya toshe fim ɗin a ranar da masu zaɓe za su buɗe shi.

In rediyo ya fi jan ka, je gidan rediyon da ke kusa da kai ka nemi su bar ka ka riƙa taimakawa, ko ba biya. Ka haɗa rahoto biyu na minti ɗaya da rabi, ɗaya da Hausa ɗaya da Faransanci. Gidajen yanzu sun fi son mutum ɗaya da zai ɗauko, ya yanka, ya karanta. Wanda kuma ya iya rubuta Hausa daidai, da ƙ da ɗ da ɓ a wurarensu, yana da abin da sassan Hausa na BBC da DW da RFI da TRT ke nema, kuma ba kowane mai jin Hausa ya iya ba.

Takardu ba su da wuya, sai dai jinkiri. Ka tanadi takardar bak da ta maki, ta haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, fasfo, katin rigakafin shawara, da kofe da yawa da aka buga wa hatimi. Kaziye, takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta ka, wata uku take aiki, ita ce ta ƙarshe da za ka nema. Ka jera su duka ka duba rubutun sunanka da ranar haihuwa harafi bayan harafi; Mahamadou a wata, Mamadou a wata ya isa a mayar da dosiye, gyaran kuma ta kotu yake bi, yana cin lokaci. Kada ka tura wa kowa kuɗin gurbi ta waya, sai asusun makaranta da rasit. Bursi ma kan makara, don haka ka tafi da abin da zai riƙe ka wata uku na haya da abinci.

Idan ka gama fim ɗin farko, ka turo mana shi tare da sunayen makarantu uku da amsoshin da ɗalibansu suka ba ka, sai mu duba tare kafin a koma maganar shanu.