Amsa ga mai tambaya kan daɗewar Sanata Ahmad Lawan a majalisa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu ya tambayi yadda aka yi Sanata Ahmad Ibrahim Lawan ya zauna a Majalisar Tarayya tun 1999 ba tare da ya taɓa fita ba, da kuma ko irin wannan daɗewa tana da wani amfani ga talakan da ke kaɗa ƙuri'a. Ƙanena, ni a Gashuwa na yi aikin koyarwa har na ajiye alli, kuma tun da soja suka miƙa mulki babu zaɓen da ban shiga layi ba, don haka zan faɗa maka abin da na gani da yadda nake auna shi.

A Gashuwa aka haifi Sanata Lawan a 1959. Ya karanta ilimin labarin ƙasa a Jami'ar Maiduguri inda ya gama a 1984, ya yi digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sannan ya yi na uku a Jami'ar Cranfield da ke Ingila a 1996, a fannin nazarin ƙasa ta hotunan tauraron ɗan'adam. Daga koyarwa a jami'a ya fito takara, muka tura shi Majalisar Wakilai daga mazaɓar Bade da Jakusko a ƙarƙashin jam'iyyar APP. Ya yi zango biyu a can, sai a 2007 ya haye Majalisar Dattawa yana wakiltar Yobe ta Arewa, wato ƙananan hukumomin Bade, Jakusko, Karasuwa, Machina, Nguru da Yusufari.

Dalilin farko na daɗewarsa yana cikin siyasar jihar kanta. Tun 1999 gida ɗaya ne ke riƙe da gidan gwamnati a Damaturu, daga Bukar Abba Ibrahim zuwa marigayi Mamman Ali, zuwa Ibrahim Gaidam, zuwa Mai Mala Buni. Sunan jam'iyyar ne ya yi ta sauyawa, daga APP zuwa ANPP zuwa APC, amma mutanen su ne dai. A irin wannan wuri, wanda ya riƙe tikiti kuma bai ɓata da gwamna ba ya gama fiye da rabin aikinsa kafin ranar zaɓe. Sai dai adalci ne a faɗi cewa shekara 16 ya yi yana ɗan adawa a Abuja lokacin da PDP ke ganiyarta, lokacin da 'yan siyasa da yawa suka riƙa sauya sheƙa don su kusanci gwamnati, shi kuwa bai motsa ba.

Game da amfanin daɗewa, misalin da ya fi zama a raina shi ne na ruwa. Yawancin ɗaliban da na koyar 'ya'yan masunta ne da manoman shinkafa a fadama, kuma rayuwar gidajensu tana rataye da ambaliyar da kogin Yobe ke kawowa kowace damina. Tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa a Kano ruwan da ke gangarowa ta Haɗeja ya sauya hali, ciyawar kachala ta toshe hanyoyinsa a yankin Nguru, wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe. Na sha ganin yaro ya daina zuwa makaranta domin mahaifinsa ya tafi cin rani bayan kamun kifi ya ja baya. Da maganar madatsar Kafin Zaki ta jihar Bauchi ta sake tasowa a 2009, Sanata Lawan ya fito fili ya yi adawa da ita, yana nuna cewa kogin Jama'are ne babban abin da ya rage yana ciyar da kogin Yobe. Mutanen Bauchi suna da tasu hujjar ta noman rani, kuma ba na raina ta. Abin da nake nufi shi ne, a lokacin muna da wakilin da ya karanci al'amarin a jami'a, ya shekara 10 a majalisa, yana kuma shugabantar kwamitin bin diddigin kuɗaɗen gwamnati, wanda bisa al'ada ake bai wa 'yan adawa. Sabon shiga kan ɓatar da shekararsa ta farko yana koyon yadda ake gabatar da ƙudiri da yadda ake samun shugaban zama ya ba shi dama ya yi magana. Ƙa'idojin majalisar ma suna fifita wanda ya riga zuwa wajen rabon manyan kujeru, kuma a kwamitoci ake yanka kasafin kuɗi, ba a zauren da ake nunawa a talabijin ba.

Haƙurinsa ya fito sosai a 2015. Shi jam'iyyar APC ta so ya zama shugaban Majalisar Dattawa, amma ranar 9 ga Yuni, yayin da shi da magoya bayansa suke Cibiyar Taro ta Ƙasa da Ƙasa a Abuja suna jiran ganawa da Shugaba Buhari, sauran sanatoci suka zauna suka zaɓi Bukola Saraki ba hamayya. A ranar mutane suka yi cirko-cirko a bakin kasuwa a garinmu, kowa da rediyo a kunne. Bai bar jam'iyya ba. A Janairun 2017 ya karɓi kujerar shugaban masu rinjaye daga Ali Ndume, sannan ranar 11 ga Yunin 2019 ya doke Ndumen da ƙuri'a 79 da 28 ya zama shugaban majalisar.

Shekaru huɗun da ya yi a kan wannan kujera su ne inda nake da yabo da kuma ƙorafi. A zamanin majalisar da ta gabace shi, sai watan Mayu ko Yuni ake sa hannu a kasafin kuɗi, na 2018 ma sai ranar 20 ga Yuni, alhali damina ta riga ta sauka kuma aikin hanya ya tsaya. Majalisarsa ta mayar da kasafin zuwa Janairu har Disamba. Dokar masana'antar man fetur da ta yi shekara da shekaru tana yawo tsakanin majalisu ta samu sa hannu a Agustan 2021, sabuwar dokar zaɓe kuma a Fabrairun 2022. Ko zargin da ake yi musu na zama 'yan amshin shata yana da inda bai kama ba, domin sun ƙi tabbatar da Lauretta Onochie a matsayin kwamishinar hukumar zaɓe a 2021, duk da hadimar shugaban ƙasa ce. Amma a wajen bashi ban ga sun taka wa gwamnati birki ba. Buƙatun rance sun riƙa wucewa cikin sauƙi, kuma a Mayun 2023, ana saura kwanaki gwamnati ta sauka, suka amince a mayar da naira tiriliyan 22.7 da aka ciwo daga Babban Banki zuwa bashi na dogon zango. Mutumin da ya taɓa riƙe kwamitin bin diddigin kuɗi ya fi kowa sanin nauyin wannan, shi ya sa abin ya dame ni. A ganina kusancin da ya ba shi damar zartar da manyan dokoki shi ne ya sa cewa a'a ta yi masa wuya.

Sai batun 2022, wanda har yau ake gardama a kansa a majalisun hira daga Gashuwa zuwa Nguru. Ya nemi tikitin shugaban ƙasa, har shugaban jam'iyya na lokacin, Abdullahi Adamu, ya ambace shi a matsayin ɗan takarar masalaha, gwamnonin Arewa na APC suka ƙi, suka tsaya a kan mulki ya koma Kudu. A zaɓen fidda gwani ya zo na huɗu da ƙuri'a 152, Bola Tinubu ya samu 1,271. Kafin nan kuwa, a ƙarshen Mayu, deliget ɗin Yobe ta Arewa sun riga sun zaɓi Bashir Machina ya tsaya takarar sanata. Jam'iyya ta miƙa sunan Lawan, Machina ya tafi kotu, ya yi nasara a Babbar Kotun Tarayya da ke Damaturu, ya sake yi a Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ranar 6 ga Fabrairun 2023 Kotun Ƙoli ta juya hukuncin da rinjayen alƙalai uku a kan biyu, bisa dalilin cewa hanyar da aka bi wajen shigar da ƙarar ba ta dace da ƙarar da ke ɗauke da zargin maguɗi ba.

Hukuncin kotu ya zauna, kuma ina girmama shi. Amma ina cikin waɗanda suka so a ce, bayan shekara 24, an bar deliget da abin da suka zaɓa, ko kuma shi ya dawo gabansu ya nemi tikitin da kansa, domin na yi imani da ya nema tun farko da wuya a hana shi. Ranar 25 ga Fabrairu na shiga layi tare da tsofaffin ɗalibaina, wasunsu ba a haife su ba lokacin da ya fara zuwa Abuja. Da yawa sun dangwala masa don sun ga aikin da suke yabawa, wasu don jam'iyya, wasu kuma sun faɗa mini a fili cewa ransu bai kwanta da yadda tikitin ya dawo hannunsa ba. Takardar ƙuri'ar da aka miƙa mana alamar jam'iyya kawai take ɗauke da ita, kuma sunan da ke bayan tsintsiyar kwana 19 kacal da tabbatar da shi a Abuja.