Muƙamuƙina na ƙara idan ina tauna

Tambaya: Likita, muƙamuƙina na yin ƙas-ƙas idan ina tauna, da safe kuma kusa da kunnena na ciwo. An ce in je wurin kairofrakta, mai gyaran gaɓoɓi da hannu. Zai taimaka?

Amsa: 'Yar'uwa, mahaɗar muƙamuƙi tana gaban kunne, da ɗan faifan guringuntsi a tsakaninta. Idan faifan ya zame gaba, komawarsa wurinsa yayin buɗe baki ce ke ba da wannan ƙara. Ciwon safe kuwa galibi cizon haƙora ne cikin barci, wanda ke gajiyar da tsokar kumatu.

Kairofrakta na tausa tsokar, wani lokaci ta cikin baki da safar hannu, ya motsa mahaɗar a hankali. Wasu na samun sauƙi, amma kada ki yarda a fizge miki wuya da sunan gyaran muƙamuƙi. Fara ganin likitan haƙori, domin ya duba ko kina buƙatar robar da ake sawa a haƙora da dare.

A gida, ɗora tsumma mai ɗumi minti 15, ki bar cingam. Idan baki ya ƙi buɗuwa ko rufuwa, ko kumatu ya kumbura da zazzaɓi, je asibiti nan take.