Fatawa: Gwajin jinin Baba ya faɗi, shi kuma ya ce sai ya yi azumi

Tambaya

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni 'yar unguwar Birni ce a nan Damagaram. Mahaifina shekara biyu ke nan ana yi masa wankin ƙoda a babban asibiti, sau biyu a sati. Wancan watan aka ɗebi jininsa, likita ya duba takarda ya ce wani abu mai suna albumin ya sauka daga 37 zuwa 29, kuma masu wankin ƙoda da nasu ya yi ƙasa haka ba su cika jimawa ba in ba a tashi tsaye kan abincinsu ba. Ya hana shi azumin bana. Baba ya fusata, ya ce likita yana shiga gaibu, ajali ba a takarda yake ba, kuma shi tun yana ɗan shekara 14 bai taɓa shan azumi ba. Ko yanzu ma loma uku yake yi ya ture kwano, nama kuwa ya ce ƙarni yake yi masa. Malam, maganar likitan ta saɓa wa tauhidi? Mene ne hukuncin azumin Baba? Ya ce in ya ji daga bakin malami zai yarda.

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce, ke kuma 'yata ya ba ki ladan jinya.

Ki fara gaya masa cewa a kan ajali ya yi gaskiya. Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta yanke magana: babu ran da ya san abin da zai aikata gobe, babu ran da ya san ƙasar da zai mutu a cikinta. Da likitan cewa ya yi "wata kaza za ka mutu", da ni ma na ce ya wuce gona da iri. Amma ki duba abin da ya faɗa. Manomi a Mirriya ya ga hadari ya haɗo daga gabas, iska ta juya, ya ce a kwashe shanya. Ba wanda zai ce ya shiga gaibu, don alama ya karanta, wadda Allah ya saba gudanar da al'ada a kanta. Wani lokaci hadarin ya watse ba ɗigo, amma mai hankali bai bar hatsinsa a waje don haka ba. Takardar nan irin wannan hadarin ce.

Kafin in amsa miki na zauna da wani likitan ƙoda, domin Allah ya ce a tambayi ma'abota sani, kuma mai fatawa ba ya hukunta abin da bai fahimta ba. Albumin sinadarin gina jiki ne da hanta ke ƙerawa daga abin da mutum ya ci, yana yawo cikin jini yana riƙe ruwa a jijiyoyi. In ya yi ƙaranci ruwan sai ya tsiyaye cikin tsoka. Na taɓa ganin haka a ƙafar wani dattijo da muke sahu ɗaya da shi: aka danna yatsa a ƙwaurinsa, ramin ya zauna kamar an danna ƙullun fura. Na mai lafiya yana tsakanin giram 35 zuwa 50 a litar jini, kuma ga mai wankin ƙoda likitoci suna son ya kai 40. A shekarar 1990 wasu masu bincike biyu a Amurka, Lowrie da Lew, sun bi bayanan masu wankin ƙoda sama da 12,000, suka ga cewa cikin gwaje-gwajen jini ƙarancin albumin ne ya fi tafiya tare da mutuwa, kuma gwargwadon saukarsa gwargwadon ƙaruwar haɗarin. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kolestarol, wato kitsen jini. Mai lafiya ana yi masa murna in nasa ya sauka, amma ga mai wankin ƙoda saukarsa sosai kan nuna jiki yana cin kansa. Haka ma kiriyatinin, wato dattin da tsoka ke fitarwa wanda ƙoda ke tacewa, in ya ragu ba don ƙoda ta farfaɗo ba, yana iya nufin tsoka ce ke narkewa.

Wannan duka lissafin jama'a ne. Yana cewa cikin mutum dubu masu irin wannan lamba waɗanda ake rasawa sun fi yawa, bai ambaci sunan kowa ba. Kuma lambar tana motsi, tana sauka tana hawa, shi ya sa aka gaya muku tun da wuri. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za a yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ba mu fi Umar tauhidi ba. Don haka maganar likitan ba ta taɓa aƙida ba, nasiha ce da aikinsa ya ɗora masa, kuma da ya ɓoye da ya ci amana.

Sai azumi. A Suratul Baƙara, aya ta 185, Allah ya ɗauke wa maras lafiya azumi, ya ce sauƙi yake nufi da ku, ba tsanani yake nufi da ku ba. Malamanmu na Malikiyya sun raba ciwo mataki biyu, kamar yadda Shaihu Khalil ya kawo a Mukhtasar: wanda ke tsoron ciwonsa ya ƙaru ko ya ja lokaci, ya halatta ya sha, wanda ke tsoron halaka ko cuta mai tsanani, wajibi ne ya sha. Tsoron nan ana gane shi da faɗar likita masani amintacce, ko da abin da mutum ya jarraba a jikinsa. Baba ya haɗa duka biyun. Kowane zama a kan na'ura yana tafiya da wani kaso na abin gina jiki tare da dattin da ake wankewa, shi ya sa ake so mai wanki ya ci giram 1 zuwa 1.2 na furotin, wato abin gina jikin, a kan kowane kilo na nauyinsa kullum. Mai kilo 60 yana bukatar giram 60 zuwa 72, ƙwai guda kuwa kusan giram 6 ne. Mutumin da ke ture kwano bayan loma uku alhali yini duka a buɗe yake gare shi, yaya zai cika wannan tsakanin magariba da asuba, cikin zafin Damagaram? Hukuncina a kan abin da kika bayyana: azumin bana haramun ne a kan Baba, shan sa wajibi ne. Ya karanta aya ta 29 a Suratun Nisa'i, inda Allah ya hana mu kashe kawunanmu, ya rufe da cewa Shi mai jin ƙai ne gare mu.

Ranar wanki ita kanta, Kwamitin Fatawa na Dindindin na Saudiyya ya ce tana karya azumi, saboda sukari da gishirin da ke shiga jini daga ruwan wankin. Akwai malaman da suka saɓa, ni dai ga wancan na karkata. Ban faɗi wannan hukunci a kan duk mai wankin ƙoda ba. Wanda jikinsa ke da ƙarfi, gwajinsa ya yi kyau, likitansa ya yarje masa, yana iya azumtar ranakun da ba na wanki ba.

Abin da ke kansa: tunda ciwo ne da ba a sa ran rabuwa da shi, babu ramuwa. Ya ciyar da miskini guda a madadin kowace rana, mudun Annabi ɗaya, wato cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum, na gero ko shinkafa. A mazhabarmu wannan mustahabbi ne, a sauran mazhabobi uku wajibi, don haka in da hali ku fitar. In Allah ya kawo sauƙi, ko aka yi dashen ƙoda har ya iya, sai ya rama.

Yanzu ke da masu girki. Da yawa kafin a fara musu wanki an ce su rage nama, sai gida ya riƙe wannan doka har bayan an fara, alhali hukuncin ya juya. Ku tambaya ko haka ta faru da ku. Kada kuma jin wannan ya sa ku yi masa ɗure da duk abin da hannu ya kai. Dabino, ayaba da tumatir suna da fotasiyom mai yawa, in ya taru a jinin wanda ƙodarsa ba ta tacewa yana iya tsayar da zuciya. Na san da ciwo a hana dattijo dabino a watan azumi, amma sunna ba ta zo don ta cutar ba. Nono, gyaɗa da wake suna ɗaga fosfet, wani sinadarin da shi ma ke taruwa a jini in ƙoda ba ta tacewa. Kilishi, dunƙulen miya da kanwa gishiri ne, gishiri ƙishirwa, ƙishirwa kumburi. Farin ƙwai, kifi, kaza da tsokar nama da aka dafa ba gishiri sosai su aka fi ba irinsa, kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, a kan ma'aunin da asibiti ya ba ku. Jiƙe-jiƙen saiwoyi kuwa ku nisanta shi da su, ko wa ya kawo.

Ƙarnin naman da yake ji ku kai wa likita shi da bakinsa, domin dattin da wanki bai gama fitarwa ba yana kashe sha'awar abinci. Albumin kuma ba yunwa kaɗai ke kayar da shi ba: zazzaɓi, ruɓaɓɓen haƙori, ko ƙwayar cuta a bututun wanki duk suna yi, kuma akwai gwajin jini mai suna CRP da ke tona wannan. Ku yi haƙuri da lambar, tana ɗaukar makonni kafin ta motsa.

Baba, da kai nake yanzu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce idan bawa ya yi rashin lafiya ko tafiya, ana rubuta masa kwatankwacin abin da yake aikatawa yana lafiya yana gida. Buhari ne ya ruwaito. Azumin da ka riƙe tun kana ɗan shekara 14 ana ci gaba da rubuta maka shi. Idan 'yarka ta ajiye kwano da hantsi, ka yi bisimilla ka ci da niyyar bin umarnin Ubangijinka, ka kuma je wankinka kada ka tsallake ko ɗaya.

Allah ne mafi sani.