Ya san sunan Baba da ranar haihuwarsa, to daga banki yake ke nan?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce, ina zaune a Runjin Sambo nan Sakkwato. Ranar Alhamis da ta wuce, bayan La'asar, ina gidanmu aka kira mahaifinmu a waya. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ta banki kuɗin fanshonsa ke shigowa. Mai kiran ya yi sallama, ya gaishe shi da Hausa tsantsa har da tambayar jiki da iyali, sannan ya ce daga kamfanin katin ATM yake. Wai sun ga wani yana ƙoƙarin cire kuɗi da katin Baba a Legas, kuma in ba a tantance ba kafin ƙarfe biyar za a rufe asusun. Ya faɗi cikakken sunan Baba da ranar haihuwarsa, ya karanto lambobi huɗu na farkon katin, duk daidai. Baba ba ya gani sosai, sai ya miƙo mini katin, na karanta wa mutumin sauran lambobin, da watan da katin zai daina aiki, da ukun nan na baya. Sai saƙo ya shigo da lambobi shida, ya ce maza in karanto mishi. Nan ne gabana ya faɗi, na ce sai yayanmu ya dawo. Ya fara ɗaga murya, ni kuma na kashe wayar. Baba bai ji daɗi ba, ya ce na wulaƙanta bawan Allah da ke son taimakonmu. Har yau ba a taɓa kuɗin ba. Malam, daga banki yake ko ɗan damfara ne? In ɗan damfara ne, ina ya samu bayanan Baba? Kuma tunda ban ba shi lambobi shidan ba, mun tsira ke nan?

Wata malama daga Runjin Sambo

AMSA

Wa alaikumus salam Malama. Ranar da saƙonki ya iso na mayar miki da amsa a gurguje cewa a toshe katin nan take, ina fatan an yi. Zan maimaita a nan saboda sauran masu karatu. Ɗan damfara ne, babu ko tantama, kuma ba ku gama tsira ba matuƙar wannan katin yana aiki. Lambobin da ke fuskar kati, da watan ƙarewarsa, da ukun da ke bayansa, su kaɗai sun isa a yi sayayya a wasu shafukan intanet, musamman na ƙasashen waje, ba tare da an turo wa mai katin wata lamba ba. Shirun da kuka ji ba shi ke nuna an haƙura da ku ba. Wani lokaci jira ake yi sai ƙarshen wata, fansho ya shigo. Ku je reshen bankin da Baba, a kashe tsohon kati a ba shi sabo, ya canja lambar sirrinsa. Kuɗin sabon kati bai taka kara ya karya ba.

Na daɗe ina aiki a banki a kan titin Kano kafin in bari, kuma zan gaya miki abin da kowane ma'aikacin banki ya sani. Kamfanonin da sunansu ke jikin kati, wato Visa da Mastercard da Verve, ba sa kiran mai kati su ce ya karanto lambobinsa. Su hanya ce kawai da kuɗi ke bi tsakanin bankuna da 'yan kasuwa. Bankin Baba ne ya ba shi katin, shi ke riƙe da asusunsa. Shi ma bankin, ko ya kira, ba zai nemi lambar sirri ta PIN ba, ba zai nemi ukun baya ba, ba zai nemi lambar OTP da ake turowa ta saƙo ba. Mu ma lokacin da muke zaune a ciki ba ma ganin PIN ɗin kowa a kwamfutarmu, kuma ba ma buƙatarsa kafin mu toshe kati. In banki ya ga motsin da bai yarda da shi ba, yana da ikon dakatar da katin da kansa, sai dai ku zo ku same shi.

Batun inda ya samu bayanan Baba, nan ne ake kama mutanenmu, don haka bari in tsaya a kai.

Ɗauko katinki ki ɗauko na wata abokiyar aikinki da kuke banki ɗaya kuma katinku iri ɗaya, ki jera su a kan tebur. Za ki ga lambobin farko iri ɗaya ne. Katin Visa da 4 yake farawa, na Mastercard galibi da 5, kuma lambobi shida na farko suna nuna bankin da ya bayar da katin ne da irin katin. Dubban mutane ke da su. Wanda ya san bankin da 'yan fansho da yawa ke karɓar kuɗi zai iya karanto huɗun farko ido rufe. Suna kuwa ya fi komai sauƙin samu. Manhajar Truecaller tana nuna sunan mai layi. Duk wanda ya sa lambar asusunka kamar zai tura maka kuɗi, cikakken sunanka zai fito masa, kuma a irin su OPay da PalmPay lambar wayarka ce ma lambar asusun. Ranar haihuwa fa? Ki tambayi Baba, ko ki tambayi ƙannenki, ko wani ya taɓa cike masa fom ɗin tallafi da aka turo a WhatsApp, irin waɗanda ake cewa gwamnati za ta raba kuɗi, a sa suna da ranar haihuwa da BVN da lambar waya. Da yawansu tarko ne na tara bayanan mutane. Ga kwafin takardun da muke bari a shagunan buga takardu, ga katin da muke miƙa wa mai POS ya juya shi gaba da baya muna faɗa masa lambar sirri da baki a gaban layin mutane. Ba na zargin masu POS gaba ɗaya, yawancinsu yaranmu ne masu neman halal, kuma su suka rufa mana asiri lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023. Amma kati ba abin da ake sakin sa daga hannu ba ne.

Mutumin nan kamar ɓarawo ne da ya san unguwa, ya san gida, ya san sunan mai gidan, ya tsaya a bakin ƙofa yana kiran a miƙo masa mabuɗi. Duk abin da ya karanto muku don ku saki jiki ne. Ki lura da abin da ya roƙa, shi ne abin da ba shi da shi. Lambobi shidan da suka shigo wayar Baba sun shigo ne domin a daidai wannan lokacin, kina kan layi, shi ko abokin aikinsa yana kan wani shafi ya riga ya zuba lambobin da kika karanta masa, ya danna biya. Banki ya turo lambar ne don ya tabbatar mai asusun ne da kansa. Da kin karanto ta, da kafin a kira Magariba an yi awon gaba da abin da ke ciki. In saƙon yana nan, ki sake duba shi, galibi za ki ga an rubuta a ƙasa cewa kada a faɗa wa kowa wannan lamba.

Ƙarfe biyar ɗin da ya sa muku ma da gangan ne. Sun san mutum in aka tsorata shi aka kuma hana shi lokacin tunani, zai yi abin da ba zai yi ba da hankalinsa kwance. Shi ya sa suke son yamma, ko Juma'a bayan an tashi, ko jajibirin Sallah, lokacin da ba ka da damar zuwa banki ka tambaya. Kuma suna hawa kan labarin gaskiya su yi ƙarya. Tun da Babban Bankin Najeriya ya kawo BVN a 2014, aka zo haɗa layukan waya da lambar NIN daga ƙarshen 2020, sannan a Disambar 2023 aka ba da umarnin a haɗa asusun banki da BVN ko NIN, mutane sun saba jin cewa za a rufe wannan, za a toshe wancan. To in wani ya kira ya ce za a rufe, sai zuciya ta ce ai dama an faɗa a rediyo. Duk waɗannan gyare-gyare a banki ko a ofishin kamfanin layi ake yin su, ko ta hanyoyin da su da kansu suka tanada, ba a bakin wani baƙo a waya ba. Kada kuma ki dogara da sunan da ya fito a fuskar waya, domin akwai hanyar da ake sa kira ko saƙo ya fito da sunan da ba nasa ba.

Yanzu maganar Baba, wadda ta fi damuna a duk wasiƙarki. Kada ki yi masa faɗa, kada ku mayar da abin hira a gida ana dariya. Dattijon da ya tashi a garin nan an koya masa cewa wanda ya yi maka sallama ya tambayi lafiyar iyalinka ba a katse shi, kuma wannan tarbiyya ce mai kyau. Ita ce mutanen nan suka gano suke shiga ta cikinta, shi ya sa suke nemo mai Hausa ya kira Bahaushe. Ki zauna da shi a natse ki nuna masa cewa wanda ya yi sallama don ya cuce ka ba shi da haƙƙin a saurare shi, kuma kashe masa waya ba rashin ladabi ba ne. Ki ba shi kalma ɗaya da zai riƙa faɗa ba tare da ya ji ya ci mutuncin kowa ba: "Na gode, zan je banki da kaina." Ma'aikacin gaskiya zai ce to Baba, sai ka zo. Na ƙarya ne zai fara ɗaga murya, kamar yadda kika ji da kunnenki.

Ina faɗin haka ne saboda abin da na sha gani da safiyar Litinin. Dattijo ya shigo da babbar rigarsa, ya zauna a gabana, ya zaro waya daga aljihu hannunsa na rawa, ya ce ɗana duba mini wannan. In duba in ga alat a jere, dubu hamsin, dubu hamsin, dubu ashirin, har aka bar masa abin da bai kai kuɗin kabu-kabu ba. In tambaye shi yaushe abin ya faru, ya sunkuyar da kai ya ce tun daren Juma'a. Me ya hana ka gaya wa yara? Kunya. Wannan kunyar ita ke cinye ɗan damar da ta rage, domin kuɗin da aka sace ba ya kwana a asusu ɗaya. Ana rarraba shi zuwa wasu asusun, a cire a POS, cikin ɗan lokaci. In an sanar da banki da wuri, yana iya tuntuɓar bankin da kuɗin ya faɗa a riƙe abin da bai fita ba. In an kwana biyu, ba zan yi miki ƙarya ba, da wuya a ga kwabo.

Don haka kowane gida ya kamata a san lambar toshe asusu ta gaggawa. Bankuna suna da ita, ana danna ta ko a ƙaramar waya mai maɓalli, kuma da yawa suna ba da damar a danna daga wayar wani in taka ta ɓace. Ta First Bank *894*911# ce, ta Zenith *966*911#, ta Access *901*911#. Ki tambayi ta bankin Baba ranar da kuka je, ki rubuta ta da manyan baƙaƙe a takarda, tare da lambar kula da masu hulɗa da ke bayan katin, a ajiye inda kowa a gidan ya sani. Ki sa ido kan layinsa kuma. In sabis ya ɗauke a wayarsa shi kaɗai alhali na kowa yana aiki, kada a ce matsalar netwok ce a zauna, a je ofishin kamfanin layin a tabbatar ba wani ya sake fitar da layin da sunansa ba, domin wanda ya mallaki layin shi saƙonnin banki za su riƙa zuwa wa.

Wanda kuwa aka riga aka cire masa kuɗi, bayan toshewa ya rubuta ƙorafi ga bankinsa, ya karɓi shaidar sun karɓa, kada ya goge saƙo ko lambar da ta kira shi. In mako biyu suka wuce banki bai warware ba, yana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, wanda ke da reshe a nan Sakkwato. Hukumar EFCC ma tana da ofishin shiyya a garin nan, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta shafi irin wannan damfara. Ki gaishe mini da Baba, Allah ya ƙara masa lafiya.

TAMBAYA

Malam, ina sayar da albasa a kasuwar Kara. Wata mata ta kira ni ta ce kamfaninsu ya zaɓe ni za a ba ni katin bashi na naira dubu ɗari biyar ba tare da jingina ba, amma sai na tura dubu goma sha biyar na rajista. Lokacin sari ya zo kuma jarina ya yi ƙasa. In tura?

Wani ɗan kasuwa daga Gidan Igwai

AMSA

Alhaji, kada ka tura. Katin bashi banki ne ke bayar da shi ga wanda ya nema da kansa, bayan an duba shigar kuɗinsa da tarihin biyan bashinsa, an sa hannu a takarda. Ba a zaɓar mutum ta waya. In ka tura dubu goma sha biyar ɗin, gobe za a ce saura kuɗin inshora, jibi na haraji, har ranar da layin zai daina shiga. Gwada ta da abu ɗaya in ta sake kira: ka ce a cire kuɗin rajistar daga cikin dubu ɗari biyar ɗin a ba ka sauran, ka kuma nemi ta faɗa maka reshen da za ka je ka same ta a cikin gari. Ka duba sunan da ke kan asusun da ta ba ka, kusan kullum sunan wani mutum za ka gani, ba na kamfani ba.

Ka kuma sani katin bashi na gaskiya ruwa ake ɗora masa in ba a biya a kan lokaci ba, abin da da yawa cikinmu ke gudu saboda addini. In jari kake nema na sarin bana, ka taka da ƙafarka zuwa ɗaya daga bankunan da ba sa hulɗa da ruwa, irin su Jaiz ko TAJ, ka tambayi sharuɗɗansu, ko ka yi magana da shugabannin ƙungiyarku ta 'yan albasa. Lambar matar kuma ka ba abokan sana'arka su san ta, domin yadda ta samu taka haka take da tasu.