Gidan zamani a bakin teku: gilashi ko'ina ko taga ɗaya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gida marar ado, mai farin bango da gilashi tun daga ƙasa har sama, zai fi sauƙin kuɗi a bakin teku, da kuma ko ya dace a sa gilashin ta kowane ɓangare. Gini ne sana'ata, na kuma yi aiki a gaɓar teku, don haka ga abin da na gani.

Batun sauƙin kuɗi dai ka cire shi daga ranka. Ado shi ke rufa wa magini asiri. Bango fari fes, in filastarsa ta ɗan karkace, da zarar hasken safe ya bi ta gefensa kowa zai gani. Kuɗin da ka ƙi kashewa a ado, gwanin ma'aikaci zai karɓe shi.

Gilashi ko'ina kuwa, ban ba ka shawara ba. A bakin teku haske biyu ne, akwai na sama, akwai wanda ruwa ke maidowa cikin ɗaki. Rumfar baranda tana tare ranar tsaka, amma ta la'asar a kwance take shigowa, ta ƙarƙashin rumfar. In tekun yana yamma da filinka, falo zai koma tanda kafin magariba, sai a rataya labule mai kauri, shi ke nan an rufe tekun da aka zo dominsa. Abin da ke magani shi ne katakai ko faifan alminiyam da aka jera a tsaye a wajen gilashin.

Dubi gidan da mai zanen gine-gine Tadao Ando ya zana, aka gina a gaɓar Kobe ta Japan a 2003, wanda ake kira 4x4. Ɗakunan ƙasa matsattsu ne na kankare. In ka hau ɗakin ƙoli, mita 4 tsawo, faɗi da tsayi, sai ka tarar bango guda gilashi ne yana fuskantar teku. Matsatsin da ka ratso shi ke sa faɗin ruwan ya cika maka ido. A ganina wannan ya fi gidan da ko daga banɗaki ana hangen teku.

Sai gishiri, wanda hoto ba ya nunawa. Na sha ganin ƙusa ɗaya tak ta zubo jan layin tsatsa a farin bango tun daga taga har ƙasa, fenti kuma ba ya hana ta dawowa. Duk ƙarfen da zai zauna a waje, har maƙalan ƙofa, a nemi marar tsatsa mai lamba 316, domin 304 yakan yi tabo a iskar teku. Rodi kuma a lulluɓe shi da kankare mai kaurin kamar milimita 50. In lulluɓin ya yi siriri, rodin zai yi tsatsa ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Gilashi da firam ɗinsa suna son wanki da ruwan daɗi a kai a kai, don haka ka tambayi mai zanen gidan ta ina mai wankin zai tsaya.

Iska da rana daga teku take tasowa, da dare ta juyo daga tudu. Ka bar ƙaramar taga mai buɗewa a bangon baya, daura da babbar, don ta sami hanyar fita. Kada kuma ka manta da kabad cikin bango, domin falon da kake gani fayau a hoto, kayan gidan suna can a ɓoye. Kafin a ja layi ko ɗaya, ka je filin da hantsi, ka koma da la'asar, ka nuna wa mai zanen inda rana ta dame ka.