Sautin da ake cewa kukan ƴan wuta ne daga baƙin rami

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Tawa. Akwai wani gurnani mai tada tsigar jiki da ke yawo a WhatsApp, wai an naɗo shi daga baƙin rami a sama, kukan ƴan wuta ne. Wasu kuma sun ce ramin shi ne "Alkhunnas" na Suratut Takwir. Na tura wa ƙanena da ke jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, sai ya yi mini dariya. Mene ne hukuncin gaskata wannan? Kuma kallon hotunan baƙin rami da taurari bai shiga duba ba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, na saurari sautin, kuma asalinsa sananne ne. Hukumar NASA ta Amurka ce ta fitar da shi a 2022. Akwai wani gungun garken taurari da ake kira Perseus, a tsakiyarsa akwai baƙin rami, wato wurin da ƙarfin jansa ya kai ko haske ba ya kuɓuta. Tun 2003 madubin hangen nesa na Chandra ya gano cewa ramin yana kaɗa iska mai zafi da ke kewaye da shi, kamar yadda ruwan randa ke yin zobe-zobe idan an jefa tsakuwa. Kaɗawar ta yi ƙasa ƙwarai, kunne ba ya jin ta, sai aka ɗaga ta da kwamfuta. Su da kansu ba su ce wuta ba ce, a hanya aka liƙa wannan.

Wuta da abin da ke cikinta gaibu ne, ba a magana a kansu sai da aya ko ingantaccen hadisi. Don haka jingina wannan sauti ga ƴan wuta ƙarya ce a kan addini, tura shi da wannan bayani haramun ne, ko da niyyar wa'azi ce. Wanda ya riga ya tura cikin rashin sani, ya koma inda ya tura ya gyara.

Batun aya shi ya fi buƙatar natsuwa. Magabata sun fassara "Alkhunnas, Aljawaril Kunnas" da taurari masu ɓuya da rana su bayyana da dare, wasu kuma, kamar yadda aka ruwaito daga Ibn Mas'ud, suka ce shanun daji ne. Ban hana mai ilimi ya ce lafazin yana iya ɗaukar wata ma'ana ba, amma yanke cewa wannan Allah yake nufi, a'a. Dubi abin da ya faru a 2023: madubin James Webb da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, tare da Chandra, sun hango wani ƙaton baƙin rami a bayan wani gungun garken taurari da ake kira Abell 2744, ramin da a lissafin masana akwai shi tun shekara miliyan 470 kacal bayan farkon halitta. Girmansa da wuri haka ya sa masanan suna sake duba bayanansu. Idan ka ɗaure aya a jikin bayanin da ake gyara wa zama, ranar da aka warware shi me za ka ce wa yaro?

Kallon hotunan kuwa halal ne, idan ya kai ka ga tunani a kan ikon Allah har da lada. Dubar da hadisin Ibn Abbas na Abu Dawud ya haɗa da sihiri ita ce ta mai cewa tauraro kaza zai kawo maka arziki ko ya raba aurenka. Sanin tafiyar taurari daban ne. Da shi madugun ayarin gishiri ke gane hanyar Bilma, da shi tsofaffinmu ke duban Kaza da ƴaƴanta su lissafa damina.

Ƙanenka yana da gaskiya, sai dai ka gaya masa ba a yi wa yaya dariya. Wallahu a'alam.